Mama da Kaucin Lemun Baba

Ko da tsufa zai sa in manta ranar da aka miƙa mini takardar digirina na uku, ba na jin zan taɓa manta Asabar ɗin da na kai Farfesa gidanmu don ya ga aikina. Shekaru sun wuce, yanzu ina iya ba da labarin ina dariya. A lokacin kuwa ko murmushi wani ya yi kusa da ni sai in ji kamar in kai masa mari.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a gefen Kafanchan. Babana hedimastan firamare ne har ya yi ritaya, amma abin da ya fi so a duniya shi ne lemu. A bayan gida ya yi lambu, kuma duk itacen da ke ciki shi ya yi masa aure da hannunsa, wato ya yanko idon lemun zaƙi ya manna a jikin ɗan lemun tsami, ya ɗaure da leda har su haɗe su zama itace guda. Na farkon da ya kama masa yana dab da ƙofar baya, a shekarar da aka haife ni ya dasa shi. Bayan rasuwar Baba, a gindinsa Mama take zama ta tsince shinkafa ko ta yi bitar waƙoƙin zumuntar mata, don ita ce shugabarsu a cocinmu.

Ni kuma da karatu ya yi nisa, sai na ɗauki kauci a matsayin abin bincikena. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kauci. Tsuntsu ne ke goge ƙwayarsa a jikin reshe, ta manne, ta huda, ta tsiro, ta riƙa shan ruwan itacen har ya rame. Manomi yana ganinsa a matsayin ɓarawo, kuma yana da gaskiya. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda yake haɗewa da itacen da ba danginsa ba. Mu sai mun wasa wuƙa, mun ɗaure da leda, mun yi addu'a, duk da haka rabin auren da muka yi ya ƙi kamawa. Shi kuwa ba wuƙa ba leda, kuma ba ya kuskure. Na ce in muka gane dabararsa, za mu iya gyara namu aikin. Da na duba inda zan samu lemun aure mai kauci da yawa, sai na ga ba inda ya kai lambun Baba, don tun bayan rasuwarsa ba wanda ya kula da saman itatuwan.

Na bi kowane kauci na ɗaura masa ƙyalle mai launi da lamba. Duk wata sai in zo gida in hau tsani in auna tsawo, in ƙirga ganye, in ɗauki hoto. Na roƙi Mama kada kowa ya taɓa, ta ce ta ji. Kuma ta riƙe alkawari wajen shekara biyu, ko da yake duk zuwana sai ta tsaya a ƙasan tsani ta riƙe ƙugu.

"Har yanzu bai mutu ba?"

"Mama, ba kashe shi nake yi ba, nazarinsa nake yi."

"To, Allah ya taimaka," in ji ta, da irin muryar da ake yi wa marar lafiyan da aka cire rai da shi.

Mataki ɗaya ya rage: Farfesan da ke duba aikina ya zo ya gani da idonsa, ya zaɓi rassan da za a yanke a kai ɗakin gwaji, a tsaga mahaɗar kauci da reshe a duba. Daga nan sai rubutu. Hutun karatun da kwalejin da nake koyarwa ta ba ni ya kusa ƙarewa, don haka wannan zuwan shi ne komai a wurina. Na kira Mama a waya na ce ranar Asabar zan zo da Farfesa. Na ƙara da cewa kada ta wahalar da kanta, ba sai an yi komai ba. A ƙasarmu duk ɗa mai tarbiyya haka yake faɗa, kuma ba uwar da ta taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci. Ballantana matar hedimasta, wadda ta yi shekaru tana ganin abin da ake yi wa makaranta idan sufeto zai zo.

Muka biyo ta Kachia da safe a motar Farfesa. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya yabo da sauri, kuma duk hanya ina ba shi labarin kaucina kamar uwar da ke yabon 'ya'yanta. Muna shan kwanar gidanmu na ga an share hanya tun daga bakin titi. An jera duwatsu hagu da dama, an shafa musu farar ƙasa. Matan zumunta sun yi layi cikin ankonsu, da tulun kiɗa da caki, suna waƙar maraba. Kawuna, ƙanen Baba, ya sa kwat ɗin da ba ya fitowa sai Kirsimeti. Kunya ta kama ni, amma na ce a raina ba komai, ƙauna ce ta yi yawa. Na so in zagaya baya in leƙa lambu, Mama ta riƙe mini hannu.

"Ina za ki? Baƙo bai sa komai a baki ba za ki kai shi daji?"

Aka zaunar da mu a falo. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, har ya roƙi Ubangiji ya taɓa zuciyar mai ba da maki. Aka kawo faten acca da kaza. Bayan an ci, Mama ta shigo da kanta ɗauke da butar shayi da kofin tangaran ɗin da tun ina yarinya ban taɓa ganin an sha wani abu da shi ba. Ta ɗan rusuna ta zuba wa Farfesa.

"Sa, yarinyan ta ce kana fama da hawan jini. Wannan na musamman ne, na sa citta a ciki."

Ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya sake kurɓa. Ya ce, "Mama, wannan ganyen mene ne? Yana da ɗan bauri, amma da daɗi."

"Kauci ne, Sa. Na lemu, shi ya fi kyau. Kada ka damu, akwai shi buhu-buhu, za a sa maka a mota."

Ban san lokacin da cokali ya faɗi daga hannuna ba. Farfesa ya dubi kofin, ya dube ni, ya ajiye shi a hankali a kan tebur. Na miƙe na bi ta kicin na fita ƙofar baya, ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Tunda nake ban taɓa ganin lambun Baba ya yi kyau irin na ran nan ba. An share ƙasa tas, an shafe gindin kowane itace da farar ƙasa har gwiwa, rana tana ratsowa ta cikin rassa. Na ɗaga kai na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Ko ganye ɗaya na kauci babu. A jikin katanga ga dogayen gora da lauje ɗaure a bakinsu, a kan tabarmi kuma ga aikina na shekara biyu an shanya yana bushewa. Daga baya na ji cewa mazan ƙungiyar mawaƙa ne suka yi aikin gayya, Mama tana tsaye tana nuna musu da sanda.

Ta biyo ni da wata leda a hannu, fuskarta cike da farin ciki. Ta miƙo mini. Ƙyallayena ne, an wanke su da sabulu, an goge, an ninke, ja a gefe ɗaya, shuɗi a gefe ɗaya.

"Ga tsummokinki, duk sun yi datti. Ko ɗaya bai ɓace ba."

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ni da nake tsayawa gaban ɗalibai suna kirana Madam. Na ce, "Mama, me na yi miki? Ban ce kada a taɓa ba?"

Murmushinta ya tafi. Ta waiwaya ta ga Farfesa da Kawu sun fito, sai ta rage murya ta koma yarenmu don kada baƙo ya ji. Ta ce shekara biyu tana kallona ina hawa ina sauka, abin nan kullum ƙaruwa yake. Ta ce ita ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta san sufeto. In ya zo ya tarar aikin da aka ba mutum bai yi ba, ba ya tambayar dalili. Ta ce ta kwana tana tunanin yadda mutumin nan zai ɗaga kai ya ga kauci ya fi na da yawa, ya ce 'yarta ba ta iya komai ba, ya kayar da ni. Shi ya sa ta ce gara ta taimaka mini a ɓoye, in ya so in karɓi yabon.

Wato don ta ceci digirina ta dafa shi da citta.

Farfesa bai ji yarenmu ba, amma Kawu, wanda ba a taɓa ba shi sirri ya kwana da shi ba, ya fassara masa tas. Na zaci zai yi faɗa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ya cire tabarau, ya yi dariya har da ƙwalla. Da ya natsu ya ce a kawo tsani. Da babbar rigarsa ya hau itacen ƙofar baya, ya daɗe yana shafa wani kumburi a jikin reshe.

"Mama, da kuka cire, ba ku sare rassan ba?"

"A sare reshen maigidana? Sa, na gaya musu duk wanda laujen shi ya taɓa reshe, ni da shi ne."

Ya sauko yana karkaɗe hannu. Ya ce mini saman kawai aka karye, gindin yana nan a cikin itacen, kuma zai sake tsirowa. Ya ce tsohon aikin dai ya tafi, kada in yaudari kaina. Amma ba kowa ke samun lambu guda da aka aske wa kauci rana ɗaya ba, don haka in koma in bi yadda zai farfaɗo, wanne zai riga, a kan wane itace. Na tambaye shi tsawon lokacin da hakan zai ɗauka. Ya ce in ba shi damina biyu. Da za mu tafi Mama ta sa aka cusa masa buhun kaucin a but ɗin mota, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Shi ya ga sabon bincike, ni damina biyu kawai na ji. Hutuna ya ƙare, na koma aji da alli a hannu. Waɗanda muka fara tare suka gama, ina ganin hotunansu a waya da jajayen riguna. Gaskiya na yi fushi da Mama, fushi mai tsanani. Na yi watanni in ta kira sai in ce ina aji. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne a shekarar nan lemun Baba ya yi 'ya'yan da bai yi ba tun yana raye, har sai da aka tokare wasu rassa da itace. Mama ta aiko mini da buhu guda ta hannun direban motar haya, ba saƙo ba komai. Na sha, kuma ban taɓa shan lemu mai zaƙinsa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Wata safiya da farkon damina wayata ta yi ƙara, na ɗauka.

"Dokta, 'ya'yanki sun fito."

"Waɗanne 'ya'ya, Mama?"

"Ɓarayin nan naki. Na ga ƙananan ganye a bishiyan ƙofa. Ki zo da tsummokinki."

Daga ran nan matar da ta tara gayya don kashe kauci ta zama mai gadinsa. Masu neman ganyen magani in sun zo sai ta kore su. Kawu ya zo da laujensa zai taimaka, ta ce ya mayar da shi inda ya ɗauko. Matan zumunta suka fara ƙus-ƙus cewa Mama ta bar gonar marigayi ta lalace, ita da ke yi musu wa'azi a kan tsabta. Ta tashi a taronsu ta ce kaucin gidanta ɗan makaranta ne, duk mai magana ta bari sai ya gama.

Sai dai kaucin da ya dawo bai dawo da wasa ba. Inda aka karye ɗaya sai uku su fito, kuma ya fi tsananta a kan tsohon itacen ƙofar baya, wanda dama ƙarfinsa ya ragu. A damina ta biyu na zo na tarar samansa ya fara bushewa, inuwar da Mama ke zama ta zama rabi. Ta ja kujerarta tana bin ɗan abin da ya rage. Na ce mata zan cire wannan daga cikin binciken, a kira masu lauje su sauke masa kayan nan ko zai farfaɗo.

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Wanne ne Farfesa ya ce ya fi amfani a aikin?"

Ta san amsar. A kansa aka fi samun tsiro, kuma rassansa ne za a yanka.

"To a bar shi. Na riga na ɓata miki sau ɗaya."

"Mama, zai mutu fa."

"Na sani. Ni na fi ki sanin bishiyan nan. Da babanki yana nan, da hannun shi zai riƙe miki tsani."

Ranar da na zo da zarto da abokan aikina, Mama ta yi wanka ta ɗaura zanen zumunta ta ce tana da bitar waƙa a coci. Ranar ba ranar bita ba ce, kowa a gidan ya sani. Ba ta dawo ba sai da muka gama loda rassan a mota. Kafin in sa wa tsohon itacen zarto na zaɓi 'yan rassansa masu lafiya na yanki idanunsu, na manna a jikin 'ya'yan lemun tsami da na raina a leda, yadda Baba ya koya mini tun kafin in san akwai wani abu wai shi digiri. Da yawa suka ƙi kamawa. Kaɗan suka kama.

Na gama karatu. Abin da muka gani a cikin mahaɗar nan ya shiga rubutuna, masana suka karanta, wasu suka yaba. Ranar bikin, matan zumunta suka cika mota da ankonsu da tulun kiɗa, har da waɗanda suka yi ƙus-ƙus, su ne ma a gaba wajen rawa. Farfesa ya ratso jama'a ya gaida Mama, ya ce a duk ɗalibansa ni kaɗai ce ya taɓa ɗanɗana aikinta kafin ya sa hannu. Mama ta ce in buhun ya ƙare ya yi haƙuri, yanzu an hana ta cirewa.

Itacen ƙofar baya bai kai rani na gaba ba. Kawu ya sare shi, Mama ta hana a yi girki da itacensa, har yau gungumen yana jingine a bayan rumbu. A gurbinsa na dasa ɗaya daga cikin waɗanda suka kama. Ranar da na dasa, tana tsaye a kaina da ɗan kwanon farar ƙasa, duk da cewa kaurin abin bai wuce yatsa ba. Ta durƙusa ta shafa masa, sannan ta nuna ni da burushin.

"Ki ji da kyau, Dokta. Wannan ba ɗan makaranta ba ne. Ranan da tsuntsu ya kawo mashi kauci, ko Farfesan duniya ne zai zo, zan cire."

Na ce na ji. Yanzu ya girma ya fara 'ya'ya, kuma duk lambun ba itacen da ya kai shi tsabta. Inuwarsa ba ta kai ta wancan ba tukuna, Mama tana zama a gindinsa da laima in rana ta yi zafi.

Abin da na koya ba ya cikin littafin da na rubuta. Na yi shekaru ina nazarin abin da ke manne wa itace yana sha daga jikinsa, ina mamakin yadda itacen ke buɗe masa hanya kamar nasa ne, ban taɓa lura cewa ni ma haka na yi digirina a jikin tsohuwar nan ba. Ta ɓata mini aiki don tana ƙaunata, ta ba da itacen mijinta don tana ƙaunata, kuma a duka biyun ba ta nemi shawarar kowa ba. Shi ya sa yau in ɗalibina ya ce zai yi gwaji a gonar gidansu, kafin in tambaye shi irin ƙasar wurin sai in tambaye shi ko mahaifiyarsa tana nan. In ya ce tana nan, sai in ce ya je ya zauna ya yi mata bayani da yarensu har ta gane, kuma ko da wasa kada ya gaya mata ranar da zan zo.